Tudun Biu: Tsarin Ƙasarsa, Yanayinsa da Batun Noman Inabi a Borno

Kusan duk inabin da ake gani a teburan masu sayar da kayan marmari a Maiduguri baƙo ne. Wani daga Afirka ta Kudu ko Masar yake fitowa, ya sauka a Legas, sa'an nan ya bi mota tafiyar fiye da kilomita 1,500 kafin ya iso hannun mai saye. Wani kuma daga gonakin ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna ake kawo shi, inda manoman Hunƙuyi da kewaye suka tabbatar da cewa itacen yana yi a Arewacin Nijeriya. Kuɗin mota, da asarar da ake yi a hanya, da ribar dillalai, duk a kan mai saye suke sauka. Wannan ne ya sa tambaya take tasowa a tsakanin masu neman inda za su sa jari, cewa shin babu wani yanki a cikin Jihar Borno da zai iya ba da wannan amfani?

Idan akwai, to wurin da ya fi cancanta a fara dubawa shi ne tudun Biu, wanda ke kudu maso yamma da Maiduguri, tazarar kimanin kilomita 185 ta hanyar Damboa. Amsar tambayar tana cikin abubuwa uku, watau tsarin ƙasar, da yanayinta, da irin turɓayarta. Biyu daga cikinsu suna ƙarfafa gwiwa. Amma akwai sharaɗi guda, na ruwa, wanda duk mai kuɗin da ya yi watsi da shi zai yi asara.

Tsarin ƙasar

Maiduguri tana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗen fili wanda tsayinsa bisa teku bai wuce mita 300 zuwa 350 ba. Yashi da laka ne da suka taru a kwarin Tafkin Chadi tsawon zamani. Dogon tudun yashin nan da ya ratsa ta birnin ya nufi Bama shi ne tsohon gaɓar tafkin, a lokacin da ya cika ya batse shekaru dubbai da suka wuce. Mai tafiya zai yi nisa ƙwarai a wannan fili bai ga dutse ko ɗaya ba.

Tudun Biu kuwa wata halitta ce dabam. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 5,000, matsakaicin tsayinsa kuma wajen mita 700, yayin da ƙololuwarsa ta ɗara mita 800. Aman wuta ne ya gina shi. Narkakken dutse ya yi ta ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa cikin miliyoyin shekaru, yana malala yana daskarewa, har ya rufe tsohon dutsen da ke ƙasa da wani baƙin dutse mai nauyi. Masana ilimin duwatsu sun ƙirga tsaunuka fiye da 80 a yankin waɗanda dā bakunan aman wuta ne, da yawansu a jere ta wajen Miringa, kuma suna danganta su da jerin duwatsun aman wuta na ƙasar Kamaru. Dukkansu sun daɗe da mutuwa. Tafkin Tila da ke ƙaramar hukumar Hawul ramin ɗaya daga cikin irin waɗannan bakuna ne da ruwa ya cika.

Gefen tudun ta kudu da yamma gangare ne mai tsauri, wanda rafuka suka tsattsaga. Akasarin ruwan da ya sauka a kansa yakan gangara cikin kogin Hawul da na Gongola, daga nan ya faɗa Binuwai a Numan. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ruwa ba ya zama a bisa tudun. Yana sauka da ƙarfi, yana wucewa da sauri. Garin Biu, hedkwatar masarautar, yana tsakiyar yankin, kuma ƙananan hukumomin Biu, Hawul, Kwaya Kusar da Bayo ne suka raba tudun da gangarensa, Shani kuma tana can ƙasa a kwarin da Hawul ya haɗu da Gongola. Babur da Bura su ne mafi yawan mazauna, tare da Fulani makiyaya waɗanda rashin ƙudan tsando a bisa tudun ya jawo tun da daɗewa.

Yanayi

Ƙa'ida ce sananniya cewa zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000. Tun da tudun Biu ya fi Maiduguri tsayi da mita 350 zuwa 400, bambancin da ke tsakaninsu ya kama digiri 2 zuwa 2 da rabi. A takarda abin ba shi da yawa. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Maiduguri yakan wuce digiri 40, wannan ɗan rangwame yana da tasiri ga ganye da 'ya'yan itace, domin itacen inabi yakan rage aikinsa ƙwarai idan zafi ya haura digiri 35, 'ya'yansa kuma su ƙone idan rana ta dake su kai tsaye.

Ta fuskar ruwan sama ma akwai rata. Maiduguri takan sami milimita 550 zuwa 650 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Yankin Biu yakan sami tsakanin 800 da 1,000, damina kuma takan faɗi tun cikin Mayu ta kai Oktoba. Shi ya sa masara, da gyaɗa, da auduga, da dawa mai daɗewa a gona suke yi a can fiye da yadda suke yi a arewacin jihar, inda gero ya fi rinjaye.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga inabi shi ne rani. Daga Nuwamba zuwa Maris sama takan bushe ƙarƙaf, iskar hunturu ta kawo sanyin dare da hantsi mai haske. Inabi yana son haka a lokacin nuna: rana ta tara masa zaƙi, sanyin dare ya riƙe masa ɗan tsamin da ke ba shi ɗanɗano, bushewar iska kuma ta kare shi daga cututtukan fumfuna. Babban abokin gabansa shi ne laima. Inabin da ya nuna cikin ruwan Agusta fashewa yake yi ya ruɓe a bisa itace.

A Turai sanyin hunturu ne yake sa itacen ya zubar da ganye ya yi barci, ya farka da bazara. A ƙasashe masu zafi ba ya barci da kansa, don haka manomi ne yake tsara masa shekara da almakashi. Misalin da ya fi kusa da Biu shi ne gundumar Nashik ta jihar Maharashtira a Indiya, wadda ita ma take bisa baƙin dutsen aman wuta, a tsayin kimanin mita 600, da damina ta wata huɗu da dogon rani. Manoman can sukan datse rassa sau biyu a shekara. Datsar Afrilu ta gina sababbin rassa ce, ta Oktoba kuma ita ce mai fitar da 'ya'ya, a tsinke su daga Janairu zuwa Afrilu, kimanin wata huɗu zuwa biyar bayan datsa. Da wannan dabara Nashik ta zama cibiyar inabin Indiya, har tana kai shi kasuwannin Turai. Kazalika a kwarin kogin Sawo Faransisko na Barazil, kusa da birnin Petrolina, wanda ya fi Biu ma kusa da tsakiyar duniya, ana girbin inabi har sau biyu a shekara ta hanyar ban ruwa. Ashe ke nan kusanci da tsakiyar duniya ba ya hana wannan noma.

In aka bi tsarin Nashik a Biu, datsar 'ya'ya za ta faɗo a ƙarshen damina, cikin Oktoba, girbi kuma a Fabrairu zuwa Maris, kafin zafin bazara ya tsananta.

Turɓaya

Baƙin dutsen aman wuta idan ya narke da ruwa da rana yakan bar ƙasa mai ɗauke da sinadaran ƙarfe, da magniziyam, da kalsiyam, fiye da jigawar yashi irin ta kewayen Maiduguri, wadda ba ta riƙe ruwa ko taki. To amma ƙasar tudun ba iri ɗaya ba ce, kuma ana iya kasa ta gida uku.

Ta farko ita ce ta saman tudu da kafaɗun tsaunuka. Ja ce ko mai ruwan ƙasa-ƙasa, cike da tsakuwa da ƙwallayen baƙin dutse, kuma sau da yawa ba ta da zurfi. Akwai inda fartanya za ta ci karo da fā kafin a haƙa kamu biyu. Ta biyu ita ce ta tsakiyar gangare da gindinsa, inda ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama ta taru ta yi kauri, ga tsakuwar da ke barin ruwa ya tsiyaye. Ta uku ita ce baƙar laka ta kwari da fadama, mai kumbura da damina, mai tsagewa da rani, 'yar'uwar ƙasar firgi ta yankin Dikwa da Marte inda ake dasa masakwa.

Ga inabi, ta biyun ce abin nema. Saiwarsa tana buƙatar zurfin aƙalla mita ɗaya, kuma ba ta jure kwanciyar ruwa. A baƙar laka saiwar takan shaƙe da damina, ta tsinke da rani idan ƙasa ta tsage. A saman fā kuwa ba ta da inda za ta shiga. Tsakuwar da mai noman masara yake ƙorafi a kanta, ga mai inabi alheri ce, domin tana buɗe ƙasa, tana kuma rage ƙafewar danshi. A gefen tsaunin Etna na tsibirin Sisili a Italiya, a kan irin wannan baƙar ƙasa mai duwatsu ake noman inabi tun zamanin dā.

Aibin gangare shi ne zaizaya. Ruwan Agusta guda ɗaya yana iya kwashe ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa. Maganin wannan ba baƙo ba ne a yankin. Mazauna duwatsun Mandara, daga Gwoza har Sukur ta Jihar Adamawa, sun daɗe suna jera duwatsu a gicciye, suna mai da gangare kamar matakala domin tare ƙasa da ruwa. Wannan fasaha tana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A tudun Biu dutsen aikin yana nan zube a gona, kuɗin leburori kawai za a biya.

Darasi daga ƙananan tsaunukan Faransa

A kudu da birnin Liyon na Faransa, a gefen kogin Ron, akwai wani ɗan yanki da ake kira Kot-Roti, wanda gonakin inabinsa ba su wuce hekta 300 da 'yan kai ba. Gangarensa yana da tsaurin da tarakta ba ta iya hawa a wurare da dama, sai a yi aiki da hannu a kan matakalan dutse. Inabin can na giya ne, wanda ba shi ne abin nufi a Borno ba, inda kasuwar ta ɗanyen inabi ce, da busasshe, da ruwansa marar barasa. Duk da haka akwai darussa biyu a ciki.

Na farko shi ne, ba a kwaikwayon Turai ido rufe. Su can rana suke nema, shi ya sa suke zaɓen gangaren da ke fuskantar kudu. A Biu rana ta yi yawa. Amfanin gangare a nan shi ne tsiyaye ruwan damina da kaɗawar iska a tsakanin ganye, kuma gefen da ke samun hantsi ya tsira daga zafin la'asar ya fi dacewa. Haka nan rumfar da ake ɗora rassa a kai, yadda ganye zai yi wa 'ya'ya inuwa, ta fi tsarin Turai na buɗe su ga rana.

Na biyu shi ne darajar suna. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar da ta ɗaure sunan giyar inabi da yankin da ta fito, ta yadda ba mai iya sa sunan Kot-Roti a kan kayan da ba a can aka noma ba. Wannan ne ya sa hekta guda a irin waɗannan tsaunuka take da tsadar da ta ninka ta filin da ke ƙasansu. 'Yan kasuwar Arewa sun san wannan a aikace, domin bandar Baga da albasar Aliero sunansu ne yake sayar da su. Ƙaramin yanki ba ya gasa da yawa. Da inganci da suna yake cin kasuwa.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da aka lissafa a sama ya rataya ne a kan ruwan rani. Daga datsar Oktoba zuwa girbin Maris, watau daidai lokacin da itacen yake fure yana cika 'ya'ya, ba a sa ran ruwan sama. Kowane ɗigo sai manomi ya kawo shi.

A nan ne lissafin ya juye. Maiduguri, duk da zafinta da yashinta, tana zaune bisa matattarar ruwa hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, har akwai lokacin da wasu rijiyoyin burtsatse masu zurfi a kwarin Chadi suke tunkuɗo ruwa da kansu ba tare da famfo ba. A tudun Biu kuwa ruwan ƙasa yana cikin tsagogin dutse ne da ruɓaɓɓen sashensa. Ana iya haƙa rijiya ta ba da ruwa sosai, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata ta fito a bushe. Rafuka da yawa sukan ƙafe tun kafin tsakiyar rani, kuma ƙarancin ruwan sha tsohuwar matsala ce a garin Biu kansa. Madatsar ruwan Biu, wadda aka fara a farkon shekarun 1980, ta shafe fiye da shekara 30 ba a kammala ta ba. Manyan madatsun yankin, watau Daɗin Kowa da Kiri, suna kan Gongola ne a can ƙasa, kuma tura ruwa daga kwari zuwa bisa tudu aiki ne mai cin makamashi.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a nemi ruwa kafin a nemi fili. A sa masana su auna ƙasa, a haƙa rijiya, a gwada ƙarfinta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Rijiyar da aka gwada a Satumba ba ta faɗi gaskiya ba. Ƙananan madatsun ƙasa a bakin kwazazzabai, da famfo mai aiki da hasken rana, da ban ruwa na ɗigo-ɗigo, su ne kayan aikin da suka dace da irin wannan wuri, domin malala ruwa a kan gangare ɓarna ce biyu, ta ruwa da ta ƙasa.

Hanya, tsaro da jari

Inabi ba ya jiran mai saye. Idan aka tsinke shi ba ya ƙara nuna, kuma in babu ɗakin sanyi kwanaki kaɗan yake yi ya yanƙwane. Rikicin da ya ɓarke a jihar tun 2009 ya sa hanyar Maiduguri zuwa Damboa zuwa Biu ta shafe shekaru a rufe ko a hannun rakiyar sojoji, matafiya suka koma zagayawa ta Damaturu da Buni Yadi, wasu lokutan har ta Potiskum da Gombe. Garin Biu bai taɓa faɗawa hannun masu tayar da ƙayar baya ba, ya kuma sami Jami'ar Sojan Ƙasa a 2018, amma tilas mai jari ya auna lafiyar ƙauyen da gonarsa za ta kasance. Ta fuskar nisa, Gombe ta fi Maiduguri kusa da Biu, don haka ita ce ƙofar farko ta kasuwa. Maiduguri kuma tana da yawan jama'a, da hanyoyin fatauci zuwa Chadi ta Gamboru-Ngala, da Kamaru ta Banki, da Nijar ta Damasak.

Jarin ma ba na gaggawa ba ne. Turaku da wayar rumfa, da bututun ban ruwa, da dashe, da shinge saboda dabbobi, duk a shekarar farko ake biyansu, alhali amfani na kirki sai a shekara ta biyu zuwa ta uku. Bashin banki na wata goma sha biyu bai dace da wannan noma ba. Tun da kuma itacen yana iya shekara 15 ko fiye yana bayarwa, wajibi ne takardar fili ta zama ingantacciya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara har hekta 500 domin noma, amma yardar masu unguwa da iyalan da suka gāji wurin ita ce take hana rigima daga baya.

Akwai shaidar cewa manoman yankin suna karɓar sabon abu idan sun ga riba. Tsakanin 2004 da 2009, wani shiri da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan ta gudanar da tallafin ƙasar Kanada, tare da Jami'ar Maiduguri da hukumar bunƙasa noma ta jihar, ya yaɗa waken soya da masara mai jure wuta-wuta a Biu, Hawul, Kwaya Kusar da Damboa. Waken soya, wanda dā ba a damu da shi ba, ya zama amfanin sayarwa a yankin. Sai dai shi amfanin damina ne na wata huɗu. Inabi yana buƙatar ƙwararrun hannaye duk shekara, wajen datsa, da rage 'ya'ya, da feshi, kuma Kudan wuri ne da za a iya samo su ko a tura matasa su koyo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin da hankali zai ɗauka shi ne gwaji a kan eka ɗaya ko biyu, a tsakiyar gangare mai zurfin ƙasa, kusa da rijiyar da aka tabbatar, da iri biyu ko uku, tare da kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin bincike kafin a dasa. A gefe guda kuma a sa mangwaro, ko lemo, ko gwaiba, waɗanda suka fi haƙuri, domin su ɗauki nauyin gonar idan inabin ya ƙi. Wanda ya riƙe lissafin shekara uku na ruwan da ya sha, da kuɗin da ya ci, da nauyin da ya bayar, shi ne zai san ko ya faɗaɗa ko ya tsaya, kuma da wannan lissafi ne zai iya tunkarar banki.